Inuwar Itatuwa da Haƙƙin Maƙwabci

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya sanya mana gidaje wurin natsuwa, Ya sanya inuwa ta zama rahama ga bayinSa. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, akwai wata tambaya da ta yawaita zuwa gare mu, wani lokaci bayan sallar Magariba, wani lokaci a wurin ɗaurin aure ko zaman makoki. Tambayar ita ce: mutumin da Allah Ya buɗa masa, ya bar unguwar da aka haife shi da cunkosonta da hayaniyarta, ya koma bayan gari cikin unguwar masu hali, inda itatuwa suka rufe hanya kuma kowane gida ke da katangarsa da mai gadinsa, shin akwai laifi a kansa wajen Allah? Wasu suna tambaya don sun riga sun koma, zuciyarsu kuwa ba ta kwanta ba. Wasu suna tambaya don ɗan'uwansu ya koma ya bar su, suna neman malam ya ba su sandar da za su doke shi da ita. Muna roƙon Allah Ya ba mu ikon yi wa kowane ɓangare adalci.

Halin irin wannan unguwa

Duk wanda ya taso daga Bukoki ko Tallaje a Yamai da tsakar rana cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya shiga Plateau ko Koira Kano, jikinsa zai gaya masa ya sauya wuri tun kafin idonsa ya gaya masa. Ga dogon yaro da mangwaro sun yi layi, ga furanni sun leƙo bisa katanga, babu kukan injin niƙa, babu kwata a ƙofar gida. Sunan Koira Kano kansa da Zabarmanci yana nufin gari mai daɗi. A Maraɗi da Damagaram da Tawa ma sababbin filaye na gefen gari sun fara ɗaukar wannan kama.

Wannan rabo yana da asali. Da Turawan mulkin mallaka suka ɗauke babban birni daga Damagaram suka mayar da shi Yamai a 1926, sun zaɓi tudun Plateau suka gina gidajensu da ofisoshinsu, suka shuka itatuwa, suka bar kwarin Gunti Yena ya shiga tsakaninsu da ƴan ƙasa. Bayan samun ƴancin kai a 1960 Bature ya tafi, namu suka shiga gidajen. Masu gida sun sauya, amma tsarin zaman ya zauna yadda aka bar shi, har ma muka ɗauke shi muka ƙara faɗaɗa shi da hannunmu.

Abu na farko da ya wajaba mu faɗa shi ne, son inuwa da sarari da kwanciyar hankali ba laifi ba ne. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya lissafa yalwataccen gida cikin abubuwan da ke kawo jin daɗin ɗan Adam a duniya, kamar yadda Ibnu Hibbana ya ruwaito. Sai dai mu lura, a cikin wannan hadisi ɗin kansa ya haɗa gida mai yalwa da maƙwabci nagari. Kuma lokacin da Banu Salima, waɗanda gidajensu ke nesa da masallacinsa, suka so su taso su dawo kusa, ya umarce su da su zauna inda suke, ya sanar da su cewa ana rubuta musu ladan takunsu. Saboda haka wanda ya ce zaman bayan gari haramun ne, ko shuka lambu a gida almubazzaranci ne, ya faɗi abin da ba shi da hujja a kansa.

Aƙiƙ, unguwar masu hali ta Madina

Wannan mas'ala ba sabuwa ba ce ga Musulmi. Madina ma ta yi irin wannan unguwa. A yammacin birnin akwai kwarin Aƙiƙ, wuri mai ruwa mai daɗi da iska mai kyau da gonakin dabino, wanda hadisin da Buhari ya ruwaito ta hanyar Sayyidina Umar ya siffanta shi da albarka. Da dukiya ta yalwata bayan buɗe garuruwa, manyan mutane suka fita can suka gina gidaje. Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas da Sa'idu ɗan Zaidu, Allah Ya yarda da su, dukansu biyu suna cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna, kuma Imamu Malik ya kawo cikin Muwaɗɗa cewa a Aƙiƙ suka rasu, aka ɗauko su zuwa Madina aka rufe su. Ashe dai mutum yana iya zama a unguwar lambuna ya kasance ɗan Aljanna.

Amma tarihin Aƙiƙ yana da darasi biyu da bai kamata su wuce mu ba.

Na farko, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba Bilalu ɗan Harisu Almuzani fili mai faɗi a wannan kwari. Da Umar ya hau halifanci, ya ga Bilalu ya kasa raya filin duka, sai ya nuna masa cewa an ba shi ne don ya yi aiki a cikinsa, ba don ya killace shi ya hana mutane ba. Ya bar masa abin da yake iya rayawa, ya karɓe saura ya raba wa Musulmi. Wannan kyautar Annabi ce, amma duk da haka ba ta zama hujjar killace ƙasa a bar ta kango ba. To, ina ga wanda ya sayi fili biyar ko goma a gefen gari, ya zagaye su da bulo, ya bar su shekara da shekaru yana jiran kuɗinsu ya hau, alhali magidanta suna cunkushe da iyalinsu a ɗakin haya guda?

Na biyu shi ne labarin Urwatu ɗan Zubairu, ɗan Asma'u ƴar Abubakar, ɗaya daga cikin malaman fiƙihu bakwai na Madina, wanda ya rasu wajen shekara ta 94 bayan Hijira. Duk wanda ya karanci Muwaɗɗa ya san shi, domin sau da yawa Malik yana ruwaitowa daga Hishamu ɗan Urwatu daga mahaifinsa. Wannan babban malami ya gina gida a Aƙiƙ, ya haƙa rijiyar da ta shahara da daɗin ruwa, kufan gidan da rijiyar suna nan har yau. Mutane sun zarge shi da ƙaurace wa masallacin Annabi, shi kuwa ya ba da uzuri da abin da ya gani na shagala da yawan surutun banza a cikin gari. Ashe shi ma hayaniya ya guje wa, kamar yadda mai tambayarmu ya guje mata. Sai dai masu tarihi sun ruwaito cewa idan lokacin nunar dabino ya yi, Urwatu yakan fasa katangar lambunsa da kansa, ya bar mutane su shiga su ci, su kuma ɗiba su tafi da shi gida. Duk sa'ad da ya shiga lambun kuwa, yakan yi ta maimaita aya ta 39 ta Suratul Kahfi, wadda ke koya wa mai lambu ya mayar da ni'ima ga Mai ita, har ya fito.

Urwatu yana da katanga kamar yadda muke da ita. Bambancin shi ne ya san lokacin da ake fasa ta.

Lambun da aka hana miskini shiga

Alƙur'ani mai girma ya ba mu kishiyar wannan cikin Suratul Ƙalam, daga aya ta 17 zuwa ta 33. Wasu ƴan'uwa ne masu lambu, malaman tafsiri sun ce a ƙasar Yaman suke, kuma mahaifinsu ya saba ba matalauta rabonsu ranar girbi. Da suka gaje shi, sai suka yi rantsuwa za su yi sammako su girbe tun kafin kowa ya farka. Suka fita suna raɗa a tsakaninsu don kada wani miskini ya ji, balle ya biyo su. Da suka isa suka tarar azaba ta rigaye su cikin dare, lambun ya ƙone ƙurmus, har suka zaci ɓatan hanya suka yi.

Mu duba da kyau, ya ku ƴan'uwa. Waɗannan mutane ba su saci gonar kowa ba, ba su doki kowa ba, ba su ma kori miskini da bakinsu ba. Dabara kawai suka yi don kada su haɗu da shi. Sun tsara lokacinsu yadda idonsu ba zai faɗa cikin idon mai buƙata ba, domin sun san idan suka gan shi kunya za ta sa su ba shi. Abin da waɗannan suka yi da lokaci, mutum yana iya yin sa da wuri: ya zaɓi mazauni, ya ɗaga katanga, ya ajiye kare da mai gadi, yadda har ya mutu mai buƙata ba zai iso gabansa ba. Daga nan sai ya ce da gaskiyarsa, ai ni ban taɓa hana kowa ba. Haka ne, bai hana ba, domin ya riga ya toshe hanyar roƙon.

A nan ne mas'alar take. Kowa ya tambayi zuciyarsa: da na biya kuɗin wannan fili, inuwa na saya, ko kuwa nisan talaka na saya? Sau da yawa duka biyu suna cikin ciniki guda, mai saye bai tsaya ya rarrabe ba.

Kada mu zaci wannan ciwo namu ne mu kaɗai. A Faransa, inda muka kwaikwayo wannan tsarin gini, akwai Neuilly-sur-Seine a yammacin Paris, jikin dajin Bois de Boulogne, tana cikin garuruwan da suka fi kowane arziki a ƙasar. A shekara ta 2000 aka kafa dokar da ta wajabta wa irin waɗannan garuruwa su ware kashi 20 cikin 100 na gidajensu ga masu ƙaramin ƙarfi, a 2013 aka ɗaga shi zuwa kashi 25. Neuilly ta yi shekaru ba ta kai ko rabin wannan adadi ba, tana biyan tara. Hukumomin garin sun kawo uzurin tsadar fili da ƙarancinsa, amma abin da ya fito fili shi ne, ana iya kai wa matsayin da biyan kuɗi ya fi sauƙi bisa ga zama kusa da talaka. Mu da aka saukar mana da Suratul Ƙalam mun fi cancanta mu ji tsoron wannan hali.

Wane ne maƙwabci?

Wani zai ce: malam, haƙƙin maƙwabci na sani, amma maƙwabtana duk masu hali ne, babu mai kwana da yunwa a cikinsu, saboda haka hadisin da ya kore cikar imani ga wanda ya kwana a ƙoshe maƙwabcinsa na jin yunwa bai shafe ni ba. Wannan magana tana da amsa uku.

Ta farko, aya ta 36 ta Suratun Nisa'i ba ta tsaya ga maƙwabci na kusa ba. Ta ambaci na nesa, ta ambaci abokin zama, ta ambaci matafiyi, ta ambaci waɗanda ke ƙarƙashin hannun mutum. Wasu magabata sun ƙiyasta maƙwabtaka da gida 40 ta kowace fuska, wasu suka ce duk wanda ke jin kiran salla tare da kai, Alƙurɗubi kuwa ya kawo cewa wanda kuke zaune gari ɗaya ma ana kiransa maƙwabci. A unguwar da gida guda ya cinye filin gida goma, ƙidaya 40 ta kowace fuska za ta fitar da kai daga inuwar, ta kai ka inda bukkoki suke.

Ta biyu, shari'a ba ta ɗauki gefen gari a matsayin wani gari dabam ba. Mai Risala, Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, ya bayyana cewa Juma'a ta wajaba ga wanda ke cikin gari da wanda ke nesa da shi gwargwadon mil uku. Malamanmu na Malikiyya kuma sun ce zakka ana raba ta a wurin da ta wajaba ko kusa da shi, abin da bai kai tafiyar ƙasaru ba. Ke nan matalautan tsohuwar unguwarka suna nan cikin haƙƙinka, ƙaurar kilomita biyar ko goma ba ta sauke maka su ba.

Ta uku, ba gaskiya ba ne cewa babu talaka a unguwar masu hali. Yana nan a bakin ƙofarka bisa benci, yana gadin barcinka. Yana nan yana ba furanninka ruwa, shi kuwa iyalinsa suna sayen ruwa wurin ɗan ga-ruwa. Tana nan a madafinka, yarinyar da aka ɗauko daga ƙauye, ita ke fara tashi, ita ke ƙarshen kwanciya. Suna nan cikin kangon da ke jikin katangarka, iyalin da suka kafa rumfar zana suna tsaron filin wani. Da Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, ta tambayi wane maƙwabci za ta fara kai wa kyauta, an nuna mata wanda ƙofarsa ta fi kusa. Ƙofar wa ta fi kusa da taka in ba ta mai gadinka ba? Hadisin Abu Zarri kuma ya umarci mai gida ya ciyar da mai yi masa hidima daga abin da yake ci, ya tufatar da shi daga abin da yake sawa, kada ya ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa.

Uzurin tsaro, da abin da ake asara

Ba mu musun cewa akwai ɓarayi, kuma kare dukiya da iyali wajibi ne. Kulle ƙofa da dare sunna ce. Amma akwai ƙofar da ke tare ɓarawo, akwai wadda ke tare kowa da kowa. Lokacin da aka kafa birnin Kufa a shekara ta 17 bayan Hijira, gidan gwamna Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas yana kusa da kasuwa, aka sa masa ƙyaure, aka kuma kai wa Umar labari cewa Sa'adu ya koka da hayaniyar mutane. Umar ya aiki Muhammadu ɗan Maslama tun daga Madina ya je ya ƙone ƙyauren. Sa'adu ya rantse bai faɗi maganar da aka jingina masa ba, aka kuwa gaskata shi, amma ƙyauren ya riga ya ƙone. Wannan hukunci ya fi shafar masu riƙe da al'amuran jama'a, kuma mun san da yawa daga mazaunan irin waɗannan unguwanni su ne masu riƙe da su. Wanda ba ya jin kukan gari daga ɗakinsa, yaya zai share hawayensa?

Kakanninmu ma sun san ɓarawo, amma gidan Bahaushe yana farawa da zaure. A zaure baƙo ke sauka, almajiri ke karatu, maƙwabta ke haɗa akushi da dare, a nan ake sasanta rigima, a nan ake karɓar gaisuwar mutuwa. Attajirin da can, girman zaurensa shi ne shaidar arzikinsa. Yau a sababbin gine-gine wurin zaure ya zama wurin ajiye mota, dakali ya ɓace, ƙyauren ƙarfe ya maye gurbinsu.

Asarar ba ta talaka kaɗai ba ce. An taɓa kiranmu jana'iza a wata irin wannan unguwa. Mamacin mutumin kirki ne mai yawan alheri a ɓoye, amma da muka tsaya salla, sahun farko masu gadi ne da direbobi da wasu ƴan'uwa da suka zo daga tsohuwar unguwarsa. Wanda katangarsa ke jikin tasa bai sami labari ba sai da ya ji sanarwa a rediyo. Mun ga kuma yaran da suka tashi daga gida sai mota, daga mota sai makaranta, ba su san gaida tsoho a hanya ba, ba su taɓa ganin gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba. Yaron da bai taɓa ganin yunwa ba, da me zai gane ƙoshi ni'ima ne?

Abin da muke kira gare shi

Ba mu ce kowa ya sayar da gidansa ba. Muna cewa ya yi koyi da Urwatu, ya nemi inda zai fasa katangarsa. Wanda ya haƙa rijiyar burtsatse a gida, ya fitar da famfo guda waje don mai wucewa da mazauna kango. Wanda ya shuka itatuwa goma a ciki, ya shuka biyar a bakin hanya, domin hadisi ingantacce ya tabbatar da cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga shukar Musulmi sadaka ce gare shi. Ya biya mai gadi da mai aikin gida haƙƙinsu a kan lokaci, ya san sunayen ƴaƴansu, ya san ranar da ba su da lafiya. Ya taka da ƙafarsa zuwa masallacin unguwa, ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da wanda Allah Ya haɗa shi da shi. Ya riƙa kai ƴaƴansa tsohuwar unguwa, suna da biki da makoki, kada ya wakilta ambulan kuɗi a madadin ƙafarsa. Wanda ke da filayen da ba ya buƙata, ya gina ya ba da haya da rangwame, ko ya yi waƙafi da ɗaya don makaranta ko asibiti.

Ku kuma ƴan'uwanmu da kuka zauna cikin gari, ku ji tsoron Allah game da hassada. Ba duk wanda ke bayan doguwar katanga ne mai ƙeƙasasshiyar zuciya ba, kuma ba ku san abin da hannunsa na dama ke fitarwa ba. Ana kuma samun mai zaune a tsakiyar cunkoso wanda bai san maƙwabcinsa na ɗaki ya kwana uku yana jinya ba. Katangar zuciya ba ta buƙatar siminti. Idan ɗan'uwanku ya ƙaura, ku je ku yi masa barka, kada ku zama ku ne kuka fara yanke zumunci sa'an nan ku ɗora masa laifi.

Hausawa suna zargin giginya da cewa na nesa ke shan inuwarta. Amma giginya ko ba komai wani yana sha. Abin tsoro shi ne itacen da aka zagaye da katanga har inuwarsa ba ta faɗa kan kowa ba sai mai shi. Akwai ranar da rana za ta kusanto kawunan halitta, babu dogon yaro babu mangwaro, kuma ya zo a hadisi cewa a ranar kowane mutum yana ƙarƙashin inuwar sadakarsa. Kowa ya duba yawan inuwar da ya tura can, ya gwada ta da wadda ya tara a nan.

Allah Ya yalwata gidajenmu da zukatanmu, Ya sanya mu maƙwabta nagari, Ya azurta mu da maƙwabta nagari, Ya sanya mu cikin inuwar Al'arshinSa ranar da babu wata inuwa. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare mu ne, muna neman gafararSa.